Yadda ake gwada tasirin ƙura da hayaƙi a kan hadari a manhajar WRF

WRF manhaja ce da ake kwaikwayon yanayin sama da ita. Ba zan tsaya kan yadda ake ɗora ta a kwamfuta ba, duk wanda ya kai ga tambayar yadda ƙura da hayaƙi ke shafar hadari ya wuce nan.

Fara da tsarin lissafin ɗigon gajimare. Tsare-tsare irin su Kessler da WSM6 nauyin ruwa kawai suke bi, ba sa ƙirga ɗigo, don haka ko ka turnuƙe iskar da hayaƙi ba za su ji a jikinsu ba. Ɗauki na Thompson da Eidhammer na 2014, wato mp_physics=28 a saitin manhajar, shi yana ƙirga ɗigo. Shi nake ba kowane ɗalibi. Tazarar ragarka, wato nisan da ke tsakanin wuraren da manhajar ke lissafi a kansu, kada ta haura kilomita 4, ka kuma kashe cu_physics, saitin da ke kintata hadari a madadin ragar, don hadarin ya haɗa kansa da kansa. Kilomita 1 ya fi, amma yana cin lokacin kwamfuta sosai. Idan na'urar ta haya ce, rage faɗin filin, kada ka buɗa ragar.

Sai ka shirya iska iri biyu: mai tsabta, ƙwayoyin ƙura da hayaƙi kamar 100 a kowane kiyubik santimita, da mai datti, 1000 ko fiye. A mai datti tururi yana rarrabuwa kan ƙwayoyi masu yawa, ɗigo su fito ƙanana, abin da masanin yanayi Twomey ya bayyana a 1977. Ƙananan ɗigo ba sa saurin haɗewa, ruwa ya yi jinkirin sauka, su haura sama su daskare, daskarewar ta saki zafi. Wani masanin, Rosenfeld, da abokan aikinsa sun ce a 2008 wannan zafin na iya ƙara wa hadari ƙarfi.

To, a nan ne sababbin hannu suke faɗuwa, kuma abin yana damuna. Mutum ya kunna gwaji biyu, ya ga ruwa ya ƙaru a mai datti, ya rubuta cewa hayaƙi ne ya jawo. Hadari abu ne mai saurin juyawa. Taɓa zafin iskar farko da ɗan abin da bai kai rabin digiri ba, ba tare da ka canza ƙwaya ko ɗaya ba, bayan awa uku za ka ga wani hadarin daban, a wani wurin daban. Saboda haka kowace iska ka maimaita ta sau biyar zuwa goma, kana ɗan motsa yanayin farko. Idan bambancin mai tsabta da mai datti bai fi wanda ke tsakanin maimaicin iska ɗaya ba, ba ka gano komai ba tukuna. Kuma kada ka kwatanta wuri da wuri a taswira, ɗauki matsakaicin filin gaba ɗaya.

Daga nan duba saurin iskar da ke tashi sama, yawan ƙanƙara, da sanyin iskar da ke malala a ƙasa bayan ruwa. Sake gwajin da busasshiyar iska, sannan da iskar da saurinta ke canzawa sosai daga ƙasa zuwa sama, domin a irin waɗannan yanayi ƙarin ƙwayoyi kan raunana hadarin ne.