Darasi na 6: Daidaita Silon Tsohuwar Tarakta Mai Shan Fetur

Kafin ka ɗauki sukundireba, fara sanin irin taraktar da ke gabanka. Yawancin waɗanda ke huɗa a gonakin Katsina da Daura, irin su Massey Ferguson 375 da Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauchi, gas suke sha. Injin gas ba shi da kafireta, don haka wannan darasi bai shafe shi ba. Muna magana ne a kan tsofaffin nan masu fetur, kamar Ferguson TE20 mai ruwan toka, wadda aka ƙera fiye da 500,000 a garin Kwabantiri na Ingila daga 1946 zuwa 1956, da Ford 8N da aka yi a Amurka daga 1947 zuwa 1952. Sun girmi da yawa daga cikinmu a wannan aji, amma injinsu ba shi da wuyar sha'ani. Mai haƙuri da kunne zai iya kula da su a gida.

Aikin kafireta shi ne gauraya iska da fetur kafin su shiga inji. Iskar ce mai yawa nesa ba kusa ba. Lita 1 ta fetur tana buƙatar iska kusan lita 9,000 kafin ta ƙone sarai. Duk wanda ya taɓa girki da risho ya san wannan. In iska ta wadata, wutar shuɗiya ce. In mai ya rinjayi iska, sai wuta ta yi ja, gindin tukunya ya yi baƙi. Haka abin yake a cikin inji, sai dai ba ka ganin wutar. Hayaƙi da ƙara da launin filogi su ne za su ba ka labari.

Silo kuwa shi ne tafiyar inji a hankali, lokacin da tarakta take tsaye ba a ba ta wuta ba. A wannan lokaci ƙofar totur kusan a rufe take, fetur yana bin wata 'yar siririyar hanya ta daban. Wannan hanya ce za mu daidaita.

Kada ka fara da sukuru

Da yawa daga cikin taraktocin da ake cewa kafiretarsu ta lalace, lafiyarta lau. Ƙura ce ko ruwa.

Waɗannan taraktoci suna da matatar iska mai kofin baƙin mai a ƙasa. Iska tana bi ta kan man, ƙura ta maƙale. Bayan hunturu, a ƙasa mai rairayi irin ta Daura da Mai'aduwa, in ka kwance kofin za ka tarar man ya zama taɓo. Inji ba ya samun numfashi, sai ya riƙa zuƙar fetur fiye da kima. Zubar da taɓon, wanke kofin da kananzir, zuba sabon mai daidai kan layin da aka zana. Kada ka wuce layin.

Sai ka leƙa ƙarƙashin tanki. Akwai ɗan kofin gilashi inda fetur yake bi kafin ya gangara kafireta, don waɗannan taraktoci ba su da famfon mai, gangarowa kawai yake yi. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka za ka gan shi kwance a ƙasan gilashin tare da tsatsa. Wanda ke sayen man bumburutu a galan ya riƙa duba wannan kofi kullum. Rufe makunnin mai, kwance kofin, wanke, mayar.

Cire filogi huɗun ka duba bakinsu. Ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Baƙi mai kunkunniya a bushe yana nufin fetur ya yi yawa. Fari fat kamar toka yana nufin fetur ya yi kaɗan, kuma wannan ya fi haɗari, domin inji yana ɗaukar zafi har bawul ya ƙone. In baƙin mai maiƙo ne a jiƙe, to baƙin mai ne yake haurowa, ba laifin kafireta ba ne, aikin bakanike ne.

Abu na ƙarshe, taɓa notocin da suka ɗaure kafireta da bututun da ke kai gaurayen cikin inji. In sun yi sako-sako, ko gasket ya tsage, iska tana satar hanya. Ko kwana za ka yi kana juya sukuru, silo ba zai zauna ba.

Sukurori biyu

A jikin kafireta, ko Zenith ta Ferguson ko Marvel-Schebler ta Ford, za ka ga ƙananan sukurori biyu masu sifirin. Ɗaya yana tokare hannun totur. Shi ne na gudu: in ka ɗaure, inji ya ƙara sauri, in ka sassauta, ya rage. Na biyun yana shiga cikin jikin kafireta ta sama, bakinsa tsini ne kamar allura. Shi ne na gauraye. Akwai kuma wani babba na uku, wanda ke ba da mai lokacin da tarakta take jan garma. Bar shi, darasinsa daban.

A nan ne mutane suke rikicewa. A waɗannan kafiretoci biyu, sukurun gauraye iska yake buɗe wa hanya, ba fetur ba. In ka ɗaure shi ciki, iska ta ragu, fetur ya rinjaya. In ka sassauta shi waje, iska ta ƙaru. A ƙananan injuna da yawa, irin na ban ruwa da ake gani a fadamun Zobe da Jibiya da Sabke, akasin haka ne, sassautawa ce ke ƙara mai. Wanda ya saba da injin ban ruwa sai ya juya a baibai, ya ce tarakta ta ƙi.

Yadda ake yi

Ajiye tarakta a fili inda iska ke kaɗawa, ba cikin ɗaki ba, domin hayaƙin salansa yana kisa. Sa giya a firi, danne birki, sa dutse a taya. Cire babbar riga, naɗe hannun taguwa, domin fanka da fanbel suna kusa da inda hannunka zai yi aiki. Ba sigari, ba ashana.

Inji yana kashe, ɗaure sukurun gauraye a hankali har ka ji ya taɓo ƙasa, kana ƙirga zagaye nawa ya yi. Rubuta adadin a littafinka. In abu ya rikice, nan za ka koma. Da zarar ya taɓo, tsaya. Masu matse shi da ƙarfi kamar notin taya suna yi wa tsininsa zobe, kuma allurar da ta yi zobe ba ta sake daidaituwa. Yanzu dawo da shi waje zagaye 1. Mafari ne kawai.

Tayar da inji, bar shi ya yi zafi sosai, kamar minti 10 zuwa 15. Mayar da cok ciki gaba ɗaya. Gyaran da aka yi da inji mai sanyi, ko da cok a jawo, aikin banza ne.

Sauke totur ƙasa. Da sukurun gudu, rage saurin inji har ya dawo kusan zagaye 400 zuwa 450 a minti. Ba sai kana da agogon awo ba: shi ne inda kake iya jin bugun injin ɗaya bayan ɗaya, amma bai mutu ba. Wannan mataki dole ne. In inji yana gudu da sauri, babbar hanyar mai ce take aiki, sukurun gauraye ba zai nuna komai ba.

Wani ɗalibi ya taɓa cewa, “Malam, ai na juya shi har ya kusa faɗowa, injin ko gezau.”

Na ce, “To Baba, ko dai silonku ya yi sama, ko 'yar hanyar ta toshe. Ku fara sauke gudu. In har yanzu shiru, sai a kwance a wanke, a hura da iska. Kada ku zura waya a ramin, faɗaɗa shi za ku yi.”

Yanzu sai kunne. Juya sukurun gauraye ciki rubu'in zagaye, ka ɗauke hannu, ka ƙirga zuwa 10. Inji ba ya amsawa nan take. Ci gaba a haka har ka ji ƙararsa ta yi nauyi, yana tashi yana faɗuwa, hayaƙi ya fara duhu, warin ɗanyen fetur ya bugi hancinka. Ka kai iyakar gefen mai. Riƙe wurin a ranka. Sai ka juya waje, rubu'i-rubu'i, kana jira kowane lokaci. Ƙarar za ta washe, gudu ya ɗan ƙaru, sannan daga baya inji ya fara tari yana kakkarwa kamar zai mutu. Wannan iyakar gefen iska ke nan. Wurin da kake nema yana tsakanin biyun, inda injin ya fi sauri da santsi. Ni nakan karkata shi kaɗan zuwa gefen mai, domin tsohon inji ya fi jure ɗan yawan fetur a kan ƙarancinsa.

In gudu ya hau bayan haka, sake sauke shi da sukurun gudu, ka ƙara taɓa na gauraye kaɗan. Sannan ka gwada: ja totur sama farat ɗaya. In inji ya karɓa ba gardama, aiki ya yi. In ya shaƙe kafin ya ɗauka, ƙara masa mai, wato ɗaure sukurun gauraye ciki da rabin rubu'in zagaye. In fetur yana ɗiga daga bakin kafireta bayan ka kashe inji, matsalar fulot ce (abin da ke yawo a kan fetur cikin kafireta, yana tare shigowar mai in ta cika) ko ta allurarsa, sukuru ba zai magance shi ba. Kafin a gyara, riƙa rufe makunnin mai duk lokacin da ka ajiye tarakta.

Aikin gida

Rubuta a littafinka abubuwa huɗu da ake dubawa kafin a taɓa sukuru. Sannan ka cire filogin babur ko na injin ban ruwa da ke gidanku, ka rubuta launin bakinsa da abin da launin yake nufi. Zo da filogin aji ranar darasi na gaba.