Yadda Ake Gano Matsalar Lantarki a Ƙaramin Jirgin Sama Mai Rimot

Kafin ka taɓa komai, cire farfela, domin injin da ya tashi ba zato yana iya tsarge yatsa. Sannan ka kunna rimot tukuna, ka haɗa batir daga baya.

Fara da auna batirin da mita. Batirin LiPo mai gida 3 yana nuna volt 12.6 idan ya cika, kuma bai kamata kowane gida ya sauka ƙasa da volt 3 ba. Wanda ya kumbura kuwa, a ajiye shi gefe.

Idan na'urar sarrafa gudun injin, wato ESC, tana ta ƙara ƙit-ƙit ba tsayawa, galibi sandar totur ce ba ta sauka ƙasa sosai ba, ko kuma filogin ESC ɗin na kan tashar da ba tasa ba a jikin risiba, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot a cikin jirgin. A rimot ɗin Futaba da FlySky totur yana tasha ta 3, amma a Spektrum yana ta 1, kuma nan ne sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe. Duba wayoyi uku na filogin da kyau: ja a tsakiya take, baƙa ko ruwan ƙasa ita ce negatif (−), fara ko ruwan lemo kuma ita ke ɗaukar saƙo, saboda haka juya filogi kaɗai ya isa ya hana komai motsi.

Injin da ke juyawa baibai ba lalacewa ya yi ba. Sauya kowace biyu daga cikin wayoyinsa uku. Idan kuma risiba tana ɗaukewa yayin da fukafukai ke motsi tare, volt 5 ɗin da ESC ke ba ta ne ke faɗuwa, sai a ba ta wuta ta daban.