Yadda ake rage nauyin bidiyo ba tare da hoton ya farfashe ba

Yaran da ke koyon aiki a wurina kusan duk a wuri ɗaya suke tuntuɓe: sai su ɗauko bidiyon da aka turo ta WhatsApp su sake matse shi. An riga an matse shi sau ɗaya, abin da ya zube kuwa ba ya dawowa. Ka nemo asalin fayil ɗin daga katin kyamara ko wayar da ta ɗauka.

Buɗe shi a HandBrake, manhajar matse bidiyo ce ta kwamfuta, kyauta ake sauke ta. A shafin Video zaɓi H.264 a matsayin tsarin matsewa, ka bar shi a Constant Quality. Lambar RF, wadda ke nuna yawan matsewar, daga 0 take zuwa 51, kuma duk sanda ka ƙara 6, nauyin kan ragu da kusan rabi, kyan hoton ma ya ragu. Ni 22 nake sa wa 1080p. Kada ka wuce 24.

Inda na sha wuya shi ne bidiyon dare. Na taɓa ɗaukar dina a wani zaure mai ƙarancin haske, da na matse sai bangon bayan amarya ya koma ƙananan murabba'ai suna rawa, zanen leshinta ya dame. Na rage RF, fayil ya kumbura, bangon bai daina rawa ba. Ashe a duhu kyamara kan cika hoto da tsaki-tsaki, manhajar kuma ba ta iya bambanta su da adon leshi, sai ta ƙarar da ƙarfinta wajen adana su. Maganin yana shafin Filters: a Denoise, mai goge tsaki-tsaki, zaɓi NLMeans, ka sa Light. Kada ka kai shi Strong, fuskoki za su yi sumul kamar roba. Yanko daƙiƙa 30 daga wuri mafi duhu ka gwada tukuna, ka kalla a waya.

Koma shafin Video, Encoder Preset, wato saurin matsewa, ka ja shi zuwa Slow. Yana cin lokaci, in da janareto kake aiki yana cin mai, to ka bari sai an kawo wuta. Tsarin H.265 ya fi H.264 rage nauyi, amma tsofaffin wayoyi da yawa ba sa buɗe shi, shi ya sa ba na ba mai biki shi.

Ga sauti kuwa, a shafin Audio, tsarin AAC da Bitrate 128 ya isa. A shafin Summary danna Web Optimized, sannan Start Encode. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin Document, yana ɗaukar har 2GB kuma ba za a sake matse shi ba.