Yadda Ake Haɗa Robar Likitanci Mai Narkewa Daga Man Zurma

Mataki na farko shi ne samun asid ɗin sebasik, wanda masana'antu ke fitarwa ta hanyar dafa man zurma da soda mai ƙarfi a zafi mai tsanani. Ya fi kyau a sayi tataccen, domin ƙazanta kaɗan tana lalata abin da za a sanya a jikin mutum. Gubar risin ta ƙwayar zurma, wadda ake tsoro, a tunkuzar ƙwayar take zama bayan an matse man, ba a cikin man ba.

Sai a auna asid ɗin da gilisarin (wani ruwa mai kauri da ake samu daga mai) daidai wa daida bisa adadin ƙwayoyin sinadarinsu, a dumama su a digiri 120 na Selsiyos har awa 24 a ƙarƙashin iskar argon (iskar da ba ta haɗuwa da sinadaran), kamar yadda Yadong Wang da Robert Langer suka bayyana a 2002 a cibiyar MIT ta Amurka. Daga nan a zuƙe iskar tukunyar, a ci gaba da dumamawa kusan awa 48, har ruwan mai kauri ya koma roba mai taushi. Tsawon wannan dahuwa ta biyu shi ke yanke ƙarfin robar da saurin narkewarta a jiki, don haka a nan ake bukatar haƙuri. A wanke ta, a kashe ƙwayoyin cuta, sannan a gwada ta kan ƙwayoyin halitta kafin a kai ga dabbobi.