Yadda za ka kula da ruwan kwaɓin kankare a wajen gini

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan aikin dakin, wato zuba kankaren rufin bene, ya san maganar nan, "Oga a ƙara ruwa, kwaɓin ya yi tauri". Ni ba na ganin laifin leburori, kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi daɗin ɗiba da shebur kuma yana bin rodi da kansa, ga rana ga hawa sama da kwano a ka. Amma ruwan da siminti yake buƙata ya kama kaɗan ne, ragowar bushewa yake yi ya bar ƙananan ƙofofi a cikin kankaren waɗanda ido ba ya gani, ta nan ƙarfin yake zurarewa, ta nan kuma damshi yake shiga har ya kai ga rodi ya fara tsatsa.

To ka fara da awo. Buhun siminti kilo 50 ne, ko Dangote ko BUA, kuma a kwaɓin da aka saba na 1:2:4, wato buhu ɗaya (kwano biyu kenan), kwano huɗu na yashi, kwano takwas na tsakuwa, ruwan da ya dace bai wuce lita 23 zuwa 27 ba. Ka ga kenan jarkar nan ruwan ɗorawa ta 'yan garuwa mai lita 25 ita ce ma'auninka, buhu ɗaya jarka ɗaya. Ka ɗauke tiyo daga bakin injin kwaɓi gaba ɗaya, don in dai tiyo na hannun yaro to babu sauran awo. Mutum ɗaya za ka ɗora a kan ruwa, ka ce masa aikinsa kenan yau, kuma kar ya juye duka lokaci guda, ya rage kaɗan sai an ga yadda kwaɓin ya yi.

Abin da ake yawan mantawa shi ne yashi ma yana zuwa da nasa ruwan. Da damina ko in tifa ta kawo shi daga rafi yana ɗiga, ka damƙa a hannu, in ya dunƙule ya jiƙa maka tafi to ka rage lita uku ko huɗu a jarkar. Yashi mai laka kuma shan ruwa yake yi ba ya ƙoshi, gara ka mayar da shi tun a bakin tifa.

In kana son ka tabbatar, akwai mazurarin gwaji na ƙarfe, tsayinsa santimita 30, gindi 20, baki 10, kowane mai walda zai haɗa maka. Ka ɗora shi a kan faranti, ka cika shi hawa uku, kowane hawa ka soka rodi sau 25, ka share bakin sannan ka ɗaga shi sama a hankali. Sai ka auna nawa kwaɓin ya sauka daga tsayin mazurarin. Santimita 5 zuwa 10 ya yi wa fila da bim (kankaren da ke kwance a kan fila) da dakin, in ya baje kamar kunu ruwa ya yi yawa, kar a zuba.

Idan kwaɓin ya ƙi shiga tsakanin rodi, hayar baibireta, injin girgiza kankare, za ka yi, ko ka sayi maganin laushin kankare irin na Sika ka bi awon da ke jikin robar. Lokacin bazara da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ku fara da asuba, a yayyafa wa katako da tsakuwa ruwa kafin a soma, kuma kar a kwaɓa abin da ba za a zube cikin rabin awa ba. Wanda ya fara kamawa a baro don Allah kar a farfaɗo da shi da ruwa, a zubar.

Ruwan da ka hana a kwaɓi, bayan kankare ya kama ne za ka ba shi, safe da yamma har kwana bakwai aƙalla, a lulluɓe da buhunan algarara ko yashi mai damshi, musamman da hunturu da iska ke tsotse saman dakin ya tsattsage kafin la'asar. Sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da injiniya ya lissafa, saboda haka kar ka yi saurin jibga masa bulo.