Ku yi kauɗa tun tumatir yana araha

'Yan uwa mata, daga Janairu zuwa Maris tumatirin noman rani yake cika kasuwa, damina na faɗuwa kuma sai ya yi tsada. Waɗannan watannin ne lokacin tanadi.

A zaɓi mai tauri, mai tsoka, wanda ya nuna sosai. Mai ruwa-ruwan nan da ake ragewa kuɗi da yamma ba ya yin kauɗa, ruɓewa yake kafin ya bushe. A wanke, a bari ya tsane, a yanka kowanne gida huɗu, a barbaɗa gishiri kaɗan. A shanya a kan buhu mai tsabta bisa tebur ko rufin ɗaki, ɓangaren da aka yanka yana kallon rana, kada wani ya hau kan wani. Shanya a ƙasa ita ke kawo yashin da ke ɓata miya. A rufa da tsohon gidan sauro saboda ƙuda, a shigar da shi ɗaki da magariba. Kwana biyar zuwa bakwai ya isa. Idan kika lanƙwasa ya karye, ya yi. Idan yana danƙo, zai yi fumfuna in an adana shi a roba, a ƙara masa rana.

Ranar girki, a jiƙa cikin hannu biyu a ruwan ɗumi na minti talatin, a wanke sau biyu, a markaɗa da tattasai, attaruhu da albasa babba ɗaya. Kanwa kuwa ɗan ƙiris don kashe tsami, in ta yi yawa miyar baƙi take yi.