Yadda Ake Cike Giɓin Ƙwararrun Kwamfuta Ta Hanyar Ɗaukar Ma'aikata Masu Zaman Kansu

Ƙwararren mai rubuta manhaja ko masanin tsaron intanet ya yi wuyar samu, kuma ko an dace da shi, ba kowane ƙaramin kamfani ne zai iya biyan albashin da zai riƙe shi ba, tunda yana iya yi wa kamfanin wata nahiya aiki ba tare da ya bar ɗakinsa ba. Wannan ne ya sa ma'aikatu da yawa suke komawa ga masu zaman kansu, waɗanda ake biya bisa aiki ko bisa awa ta dandamali irin su Upwork, Fiverr da Toptal. Hanyar tana biyan buƙata, sai dai yawancin waɗanda na ga sun yi asara a cikinta sun yi kuskuren ne tun ɗan kwangilar bai fara aiki ba.

Mataki na farko shi ne ka tantance aikin da ya dace a fitar waje. Duk aikin da yake da farko da ƙarshe, kamar gina shafin intanet, ko kwashe bayanai daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa, ko binciken ɓarakar tsaro, ana iya ba da shi. Amma yanke shawara kan tsarin fasahar kamfani da kula da rumbun bayanan abokan ciniki, waɗannan su zauna a hannun ma'aikacin dindindin. Dole ne a samu mutum guda a cikin kamfanin, ko da ba gwani ba ne sosai, wanda zai iya duba abin da aka kawo ya gane ko an yi shi daidai. Haka kuma kada ka ɗauko ɗan kwangila domin ya ceto aikin da ya riga ya makara. Tun a 1975 Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a IBM, ya lura cewa ƙara mutane a kan aikin da ya makara ƙara masa jinkiri yake yi, saboda sai tsofaffin hannu sun ajiye nasu aikin sun koya wa baƙi.

Na biyu, ka rubuta abin da kake so dalla-dalla. Cewa kana son manhajar sayar da kaya bai wadatar ba. Ka bayyana wa zai yi amfani da ita, a waya ko a kwamfuta, abin da zai faru idan biyan kuɗi ya gaza, da gwajin da za a yi kafin a ce an gama. Shafi biyu sun isa. Abin da ba a rubuta ba shi ne za a yi jayayya a kansa ranar biya.

Wajen zaɓe, ban cika damuwa da yawan taurarin yabo da waɗanda ya yi wa aiki suka ba mutum a shafinsa ba. Ka ware mutum biyu ko uku, ka ba kowannensu ƙaramin aiki iri ɗaya na kwana ɗaya ko biyu, ka biya su duka, sannan ka duba wanda ya yi tambayoyi masu ma'ana kafin ya fara. Wanda ya amsa da "ba matsala" ga kowane abu, ka rabu da shi. Toptal na cewa kashi 3 cikin ɗari kawai na masu nema take karɓa, kuma farashinta ya nuna haka, amma ga ƙaramin aiki wannan gwaji na kwana biyu ya fi sauƙin kuɗi.

Mataki na huɗu shi ne inda aka fi faɗuwa, wato batun mallakar asusu. Saboda gaggawa, mai kamfani yakan bar ɗan kwangila ya yi rajistar adireshin shafin da imel ɗinsa, ya buɗe asusun ajiye shafin a AWS ko makamancinsa da katinsa, ya ɗora manhajar a Google Play da sunansa, rubutun manhajar kuwa yana cikin kwamfutarsa shi kaɗai. Ranar da aka samu saɓani, ko ya samu aikin da ya fi tsoka ya daina amsa saƙo, sai kamfani ya wayi gari ba shi da iko da shafinsa. Sau da yawa ma babu mugun nufi a ciki, mutumin ya tafi ne kawai da makullai a aljihunsa. Don haka kai ne za ka buɗe kowane asusu da imel ɗin kamfani, ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri kafin a shiga, sannan ka gayyaci ɗan kwangilar da iznin da aikinsa yake buƙata kawai. Ka buɗe ma'ajiyar rubutun manhaja a shafin GitHub ko GitLab da sunan kamfani, ka sa sharaɗin cewa a nan za a riƙa zuba aiki a kai a kai, ba sai ranar ƙarshe ba. Kada a aika kalmar sirri ta WhatsApp, kuma kada mutum biyu su yi tarayya a kan guda ɗaya, domin ranar da abu ya lalace ba za a san wanda ya taɓa shi ba.

Yarjejeniyar ma sai ta fito fili ta ce haƙƙin mallakar manhajar zai koma hannun kamfani da zarar an biya. A ƙasashe da dama, har da Amurka, wanda ya rubuta manhaja a matsayin mai zaman kansa shi doka take ɗauka mai ita, muddin babu rubutacciyar miƙa haƙƙi. Bayanan abokan ciniki na gaskiya kuwa ba a ba da su don gwaji. A ƙirƙiri na bogi. Idan akwai mazauna Tarayyar Turai a cikinsu, dokarsu ta kare bayanan mutane, wato GDPR, da ta fara aiki a 2018 ta wajabta rubutacciyar yarjejeniya da duk wanda zai sarrafa su a madadinka.

Biya a yi shi zango-zango, kowane zango da abin da za a iya gwadawa a gani. Manyan dandamali suna riƙe kuɗin amana har sai ka amince da aikin, saboda haka fita daga dandali don gudun kamasho da mutumin da ba ka sani ba arha ce mai tsada.

Kafin biyan ƙarshe, ka sa ma'aikacinka ya girka manhajar da kansa yana bin bayanin da ɗan kwangilar ya rubuta, ba tare da ya kira shi ba. Idan ta tashi, ka biya, ka soke izninsa a ranar, ka canza kalmomin sirri. A kuma yi wata ƙaramar yarjejeniya ta gyare-gyare na 'yan awoyi a wata. Idan ɗan kwangilar ya daɗe yana yi maka aiki kullum a ƙarƙashin umarninka, ka tuntuɓi akanta, domin hukumomin haraji na iya ɗaukarsa ma'aikacinka, kamar yadda ƙa'idar IR35 ta tanada a Birtaniya.